Tsaya a Ƙofa In Ajiye Ka

Ran Alhamis, goma sha ɗaya ga watan Rajab, bayan sallar la'asar, aka yi sadakar arba'in ta Kawu Tanko Baduku a zaurensa da ke Zango, nan Akra, kusa da Tudu. Liman yana nan, da Saje Bawa wanda suka yi aikin soja tare da Kawu, da dukawa abokan sana'arsa, da mu fataken goro. Matarsa Iya Dede tana bayan asabari tare da mata. Da aka shafa fatiha sai Liman ya ce ni Habu, ɗan ƙanwar marigayi, in faɗi wani abu a kansa, tun da duk Zango babu wanda ya kai ni tsayuwa a ƙofar nan. Aka yi dariya tun ban buɗe baki ba. Ga abin da na faɗa, na ɗan ƙara bayani saboda waɗanda suke kan hanya a ranar.

Kun san ƙofar, gabas take kallo. Duk wanda zai yi tafiya, ko Salaga ko Ikko, in ya zo sallama, Kawu ba zai ba shi hannu ba sai ya ce, "Tsaya a ƙofa in ajiye ka." Kuma sai da hantsi, lokacin da rana take bayan mai tsayuwa. In ka zo da yamma zai ce ka dawo gobe. In ka ce jirgin ruwa zai tashi, zai ce jirgin ya jira.

Zai koma can ƙuryar zaure inda duhu yake, ya zauna a kan buzunsa, ya kafa maka ido ba ƙiftawa har hawaye su gangaro masa.

"Kai Habu, kunnenka yana rawa!"

"Kawu, ƙuda ne."

"Bar shi. Da shi zan ajiye ka."

Daga nan ya runtse ido, ya dafe su da tafin hannu. Can sai ya ce, "Yauwa, ga ka nan. Ƙofa ta yi baƙi, kai ka yi fari fat kamar an tsoma ka a gari. Je ka, na ajiye ka."

Abin ba sihiri ba ne, kowa zai iya gwadawa. In ka daɗe kana kallon abu mai haske sannan ka rufe ido, siffarsa tana zama na ɗan lokaci, sai dai ta juye: fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Kafin ka ja numfashi kaɗan ta dushe. Na taɓa gaya masa haka. Na ce, "Kawu, ai ɓacewa yake yi."

Ya ce, "Ɓacewa? In ka haɗiye tuwo ɓacewa ya yi? Ciki yake shiga, sakarai."

Ya ajiye fatake, ya ajiye sojoji, ya ajiye amaren da za a kai Kumasi, har wani ɗan maraƙi ya taɓa ajiyewa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda ta tsaya masa ba, ita ce Iya Dede. 'Yar ƙabilar Ga ce, 'yar masunta, ya aure ta bayan ya ajiye bindiga ya koma kan fata, ita kuma ta ci gaba da sayar da dokono, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a bakin Zango. Ataa take ce masa, yadda mutanensu suke kiran dattijo. Duk lokacin da ya ce ta tsaya sai ta ce, "Ataa, ni tafiya zan yi? Kasuwa za ni in dawo. Ka ajiye awaki." Shekara da shekaru muna dariyar wannan gardama. Mun daina dariya sa'ad da idanunsa suka fara mutuwa, ita kuwa har lokacin ba ta tsaya ba. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da zane.

Wata shekara gab da Sallah jirgi ya kawo wani koren zane, duk 'yan'uwan Iya na bakin teku suka saya. Ta zo ta gaya masa. Kun san hannun Kawu ba ya buɗewa da wuri. Ya tashi ya ɗauko jar fatar akuya, irin wadda yake yi wa layu da kube, ya shimfiɗa ta a rana.

"Kalli nan, Dede. Kada ki ƙifta."

Ta kalla, ta kalla, har ta gaji.

"To, yanzu dubi farin zanenki da ke kan igiya."

Ta duba. Ta dafe ƙirji. "Ao! Ya yi kore!"

"Madalla. Ga koren zanenki nan, ko sisi ban kashe ba. Ran Sallah ki tafi da fatar a jaka, duk wadda kika gamu da ita ki ba ta ta kalla tukuna, sannan ta dube ki."

Ina gidan a ranar. Da aka yi magariba Iya ta kawo mana abinci, ta ajiye masa dokono da barkono, sannan ta ɗago wani ƙaton kifi da wutsiya, yana ta sheƙin mai, ta riƙe shi a gaban fitila.

"Ataa, kalli nan. Kada ka ƙifta."

Shi kuwa, da yake abin nasa ne, ya kasa ƙi. Ya kafa ido.

"To, dubi kwanonka."

"Ikon Allah, ga kifi!"

"Ci da kyau, babu ƙaya."

Kifin ni aka miƙa wa, kuma ina shaida muku ya yi daɗi. Washegari Kawu ya je kanti ya sayo zanen. Amma har ya bar duniya yana cewa nasa koren ya fi kyau, domin ba ya koɗewa a wanki.

Sai maganar wata. Allah gafarta Malam Liman, kana nan, in na yi kuskure ka gyara ni. Ran ashirin da tara ga azumi muka hau tudun nan da yake kallon tafki, muna jiran rana ta faɗi mu nemi jinjirin watan Sallah. Kawu ba ya zama hannu banza, ya taho da aikinsa, yana wasa lanƙwasasshiyar wuƙarsa ta yankan fata. Ya ɗaga ta yana duba kaifinta, hasken rana ya bugi bakin wuƙar, shi kuma ya ƙura mata ido yadda ya saba. Da ya ɗaga kai sama sai ya daka tsalle.

"Allahu Akbar! Ga shi can!"

Kafin ka ce me, yara sun kwasa da gudu sun shiga Zango suna ihu an ga wata. Mata suka jiƙa shinkafa. Saje Bawa, wanda yake zaune a nan yana sunkuyar da kai, ya aika a yanka zakaransa.

Liman ya matso a hankali ya ce, "Tanko, a ina?"

"Can, bisa kwakwar nan."

"To, juya gabas."

Ya juya. "Subhanallahi, ga wani!"

"Dubi rigata."

Kawu ya duba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yana kan ƙirjinka."

Liman ya ce, "Tanko, wata ɗaya Allah ya yi mana, kai ka zo da uku."

Washegari muka tashi da azumi, zakaran Saje kuwa ya riga ya tafi. Liman ya yanke hukunci a gaban jama'a: shaidar Tanko karɓaɓɓiya ce a aure, da ciniki, da rabon gado, da komai, ban da ganin wata. Kawu ya ji zafin abin. Ya ce, "Ni dai na gani. Laifina ne don ya biyo ni?"

Na ƙarshe a cikin na dariya shi ne na mai hoto. Wani baƙo, mutumin ƙasar Saro, ya buɗe ɗaki kusa da bakin ruwa, yana da akwati mai ƙafa uku, yana shiga ƙarƙashin baƙin mayafi ya ɗauki siffar mutum ya maƙala a takarda. Na ja Kawu muka je kallo, yana tafe yana mita. Mutumin yana da kirki, yana jin Hausa kaɗan kaɗan. Ya nuna mana takardun, Kawu ya taɓe baki. Sai mutumin ya ɗauko gilashin da ake fara ɗaukar siffar a kai, ya ɗaga shi saitin taga. Siffar wani baƙin mutum ce mai farar riga, amma a gilashin fuskarsa fara, rigarsa baƙa.

Kawu ya ƙwace gilashin ya kai kusa da hanci. Ya dubi mutumin sama da ƙasa.

"Wa ya gaya maka?"

"Ya gaya mini me, Baba?"

"Wannan ai aikin idona ne! Habu, kai ka kai masa labari?"

Na rantse ban kai ba. Ya tambayi abin da mutumin yake karɓa a kan kowane kai. Da ya ji, sai da ya nemi wurin zama. Ya ce, "Ni kuwa tun kafin a haife ka nake yi kyauta." Muka dawo gida, ya sanar cewa daga ranar duk wanda zai tsaya a ƙofa sai ya ajiye goro ɗaya. Iya ta ce, "Ataa, nasa ana kaiwa gida a rataye a bango. Naka fa?"

Ya ce, "Nawa ba ya fashewa."

Dokar goron ba ta kai mako ba, domin shi da kansa ya riƙa bin matafiya har bakin hanya yana roƙon su dawo su tsaya.

To, shi ciwon idon, da ganin ƙudaje ya fara. Ba ƙudan gaske ba, wasu ɗige-ɗige ne da zarurruka da suke yawo a gabansa duk inda ya duba. Da fari yana kai musu mari, har ya taɓa kai wa Saje. Daga baya ya yi sulhu da su, ya ce baƙinsa ne, kuma baƙin kirki, tun da ba sa cin abinci. Da safe za ka ji yana cewa, "Kun kwana lafiya? Yau kun ƙaru." Sai kuma ya fara ganin walƙiya a gefen ido alhali babu hadari ko kaɗan. Idon hagu ya tafi a cikin damina ɗaya. Na dama kuma ya ce wani labule ne yake jawowa daga gefe, kullum yana ƙara matsowa. An sa kwalli, an yi rubutu, wanzami ya gwada, dangin Iya sun kawo nasu ganyen. Babu abin da ya tsayar da labulen.

Na ce masa mu kai Iya wurin mutumin Saro a ɗauki hotonta, tun da ta ƙi ƙofa. Ya ce, "Habu, kana da hankali kuwa? Makaho zai yi me da gilashi?"

A lokacin ne Saje Bawa ya ba ni labarin asalin abin. Suna samari, a dajin hanyar Kumasi, suna da aboki ana ce masa Mamman. Wata safiya aka kira Mamman cikin waɗanda za su yi gaba. Ya tsaya a bakin bukka yana sallama, rana tana bayansa, Kawu yana kwance da zazzaɓi. Haske ya dame shi ya rufe ido, sai ya ga Mamman yana nan tsaye a cikin duhun idonsa, da bindiga a kafaɗa, da hularsa a karkace. Mamman bai dawo ba. Kawu ya gaya wa Saje cewa fuskar mahaifiyarsa ta ɓace masa da daɗewa, amma tsayuwar Mamman ko yau ya nema zai samu. Tun daga nan bai yarda wani nasa ya tafi bai ajiye shi ba.

Iya ta san wannan labari, mu ne ba mu sani ba. Na same ta a madafa tana kwashe kifi daga mai, na ce, "Iya, don Allah ki tsaya masa. Ni sau nawa na tsaya, ga ni na dawo."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai tafiya kake yi, Habu. Ni na tsufa, daga nan sai kasuwa. In na tsaya a ƙofar nan, wace tafiya ce ta rage mini?"

Ashe duk shekarun nan tsoro take ji, muna zaton taurin kai ne.

Wata Juma'a ce a cikin Sha'aban ɗin bara, da hantsi. Ni da Saje muna zaune da shi a zauren nan. Iya ta fito da faranti a kai za ta wuce. Kawu ya kira ta, ba da muryar wasa ba.

"Dede, labulen ya kusa rufewa. Abin da ya rage mini bai fi bakin tulu ba. Tsaya a ƙofa."

"Ataa, ina za ni?"

"Babu inda za ki. Wannan karon mai kallon ne zai tafi."

Ta tsaya cik da farantin a kai. Sannan ta juya ta koma cikin gida. Saje ya girgiza kai, ni ma na ɗauka ta sake ƙi. Kawu yana ta shafa gefen buzunsa. Muna nan zaune har na fara tunanin abin da zan faɗa masa, sai ga ta ta fito. Ta ajiye faranti, ta ɗaura koren zanen nan, wanda ba ta fito da shi sai ran Sallah, ta yafa ɗaya. Ta wuce mu ba ta dubi kowa ba, ta je ta tsaya a tsakiyar ƙofa ta juyo. Rana ta ratso gefen mayafin, ya ɗauki haske kamar ɗanyen ganye.

Kawu ya karkata kai yana neman ta da ɗan abin da ya rage, har ya same ta. Ban taɓa ganin ya daɗe a kan wani haka ba. Hawaye suna zuba, bai share ba.

"Kafaɗarki ta hagu ta fi ta dama sauka."

"Faranti ne, Ataa. Shi ya ciyar da kai."

"Kada ki motsa."

"Ban motsa ba."

"Haɓarki tana rawa."

"Bar ta. Da ita za ka ajiye ni."

Ya runtse ido, ya dafe da hannu biyu. Sai muka ji ya fashe da dariya.

"Dede, kin ga abin da nake gaya miki? Koren nan da na zuba kuɗi a kansa, ga shi ya koma ja. Da kin yarda da fatata tun farko!"

Iya ta zage shi da yaren Ga, zagin da ba zan fassara a gaban Liman ba, tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Muka jira ya buɗe ido. Bai buɗe ba. Na ce, "Kawu, an gama, buɗe mana."

Ya ce, "In buɗe in ga me? Kai? Ko akuyar Saje ta leƙo, ta zama ita ce ta ƙarshe? A'a. Na rufe shago."

Ya kwance rawaninsa ya naɗa a kan idanun. Kuna shaida, daga ranar bai sake buɗe su ba, alhali akwai sauran ɗan haske a na dama. Da alwala yake kwance rawanin, ya wanke fuska ido a runtse, ya mayar. Iya ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce ya ci moriyar abin da Allah ya bar masa, ya ce ya riga ya ci. Kun gwada shi iri-iri. Ran neman watan Sallah wani a cikinku ya zo da gudu yana cewa, "Baba Tanko, ga wata can, duba!" Ya ce, "Liman ya hana ni shaida." Ranar da aka haifa wa Saje jika aka kawo masa jaririn, ya shafa shi da hannu daga kai har ƙafa, ya ce hanci na Saje ne, Allah ya ba yaron haƙuri.

Ya ci gaba da ɗinkin layu da laluben yatsa, kuma ɗinkin bai lalace ba. Matafiya suka riƙa zuwa sallama kamar da, sai ya ba su hannu ya ce, "Ku yi haƙuri, rumbu ya cika." Kowace safiya in Iya ta kawo masa koko takan tambaye shi, "Ataa, ina nan?" Shi kuma ya yi kamar mai dubawa, sannan ya ce, "Kina nan. Haɓar ce dai har yanzu ba ta daina rawa ba."

Haka ya yi azumi, ya yi Sallah biyu, har zazzaɓin da ya ɗauke shi. Ni na kwance rawanin da za a yi masa wanka. Ba mu sha wahalar rufe masa ido ba.

Ya Allah, ga bawanka Tanko, wanda bai yarda ko ɗaya daga cikinmu ya ɓace masa ba. Ka gafarta masa, ka yafe masa watan nan uku, ka haskaka kabarinsa. Ranar da za ka buɗe masa ido, ka sa ya ga abin da zai faranta masa rai, ka haɗa shi da Mamman, da duk waɗanda ya ajiye. Ka ba Iya Dede haƙuri da tsawon kwana. Amin.

Ran Litinin da ta biyo bayan sadakar na ɗaure kayana zan tafi Salaga. Na je sallama da hantsi. Iya tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina, na tarar da ita a ƙuryar zaure zaune a kan buzun. Ta ce in tsaya a ƙofa, na tsaya.